Ƙararrawar Majami'a a Narayi

Ya kai mai karatu, in fatauci ko zumunci ya kai ka Narayi, a hayin kogin Kaduna daga kudu, gaba da Barnawa, cikin ƙaramar hukumar Chikun, za ka iske majami'u da yawa. Ba mamaki ka ji ƙararrawa da rana tsaka, ka zaci 'yan makaranta aka tasa. Ba lalle ba ne, mai yiwuwa kiran addu'a ne.

Bisa al'adar 'yan Katolika akan kaɗa ta sau uku a yini: ƙarfe 6 na safe, ƙarfe 12 na rana, da ƙarfe 6 na yamma. Mai kaɗawa yakan yi bugu uku ya dakata, ya sake uku ya dakata, ya ƙara uku, sa'an nan ya saki bugu a jere. Sunan addu'ar Anjalus, watau mala'ika da harshen Latin, gama tuni ce da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Nana Maryamu da bushara. Almajirin da ya biya Suratu Maryam ya san labarin zuwan nan, ko da yake abin da Kirista suka ɗauka game da Annabi Isa dabam yake da abin da malaminsa ya karantar da shi. In kuwa ka ji bugu ɗaɗɗaya, da tazara, kamar mai kaɗawa ba ya so, to, galibi rasuwa aka yi.

Mu ma littattafanmu ba su rasa ambaton wannan abu ba. Sa'ad da Musulmi suka zauna Madina aka yi shawarar abin da za a riƙa tara jama'a da shi domin salla. Waɗansu suka ce naƙus irin na Nasara, waɗansu suka ce ƙaho irin na Yahudu. Aka nuna wa Abdullahi ɗan Zaidu kalmomin kiran salla cikin mafarki, aka umarci Bilal ya kira. To, naƙus ɗin wancan zamani ba ƙarfe ba ne, dogon katako ne da ake duka da sanda. Har yau ma katakon bai ɓace sarai ba. Daga daren Alhamis ɗin da ke gabanin Ista har daren Asabar, Katolika ba sa kaɗa ƙararrawa saboda juyayi, a majami'u da yawa sai a buga ɗan katako a madadinta.

Ita ƙararrawa ta ainihi narkakkiya ce, misalin kashi huɗu jan ƙarfe, kashi ɗaya kuza. Tsada gare ta. Fada-fada na Katolika sun sauka Shendam a 1907, Kaduna kuwa ta zama mazaunin babban bishop a 1959, amma a ƙauyuka da yawa guntun ƙarfen dogo aka rataye a bishiya ana duka, ya kuwa biya bukata.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, a da mutanen Kaduna a cakuɗe suke zaune, kunne ya saba da ladan, ya saba da ƙararrawa, kowa ya san lokacin ibadar maƙwabcinsa ko bai tambaya ba. Bayan fitinar 2000 da ta 2002, waɗanda aka yi hasarar rayuka da yawa cikinsu, mutane suka yi ta ƙaura. Kirista da yawa suka ƙetare kogi zuwa Narayi da Sabon Tasha da kewayensu, Musulmi da yawa suka koma Tudun Wada da Rigasa. Gada tana nan, motoci na bi dare da rana, amma gidajen kwana sun rabu. Yaron da aka haifa a Rigasa bayan haka yana iya wuce shekara 20 bai san ƙararrawa ba sai ta makaranta, takwaransa na Narayi kuwa, in ya ji ladan da rana, sai ya tambayi wani ko azahar ce ko la'asar.