Zaɓen Eriyar Modem da Wurin Kafa Ta a Birnin Sakkwato

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, harkar aikin ofis da ta karatu sai ƙara dogara suke yi da intanet. A yau ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba shi iya rajista sai da ita, haka kuma ma'aikacin da ake jiran rahotonsa a Sakatariya. Amma sau da yawa sai a sayi modem mai tsada, a zuba masa kuɗi, a wayi gari yana tafiyar hawainiya. Galibi kuwa matsalar tana ga wurin da aka ajiye shi.

Dalili shi ne, saƙon da ke fitowa daga ƙarfen sabis igiyar rediyo ce, kuma rufin kwano da kaurin bango suna rage mata ƙarfi ƙwarai. Igiyar da ke kan megahaz 700 ko 800 takan yi nisa, ta ratsa gini. Ta 1800 da ta 2600 sun fi ɗaukar kaya, amma nan da nan suke gajiya. Saboda haka kafin mutum ya sayi eriya, wajibi ne ya san zangon da kamfaninsa yake aiki da shi, don kada ya sayi wadda ba ta jinsa.

Eriyar iri biyu ce. Akwai mai kama saƙo ta kowace kusurwa, wadda ta dace da unguwanni irin su Mabera da Runjin Sambo, inda ƙarafan sabis suke kusa. Akwai kuma mai fuskantar waje ɗaya, kamar Yagi, wadda wasu masana biyu na Japan, Yagi da Uda, suka ƙago a 1926. Ita ce ta fi amfani ga mazauna bayan gari, kamar wajen Dundaye a ƙetaren Gulbin Rima. Mai modem na 4G kuma ya lura, yawancinsu ƙofar eriya biyu gare su, kuma sai an haɗa duka biyun ake samun cikakken gudu.

Wajen kafawa, gani ya kori ji. A fita da modem waje, a buɗe shafinsa, a dubi lambar da aka rubuta RSRP. In ta nuna -80, saƙo yana da kyau, in kuwa ta kai -110, ya raunana. A riƙa juya eriyar kaɗan-kaɗan, ana dakatawa kamar minti ɗaya kowane juyi, har a dace. Ta ɗara rufin gida, kada kuma tankin ruwa ko itacen dogonyaro ya tare mata gaba.

Babban abin da ake sakaci da shi shi ne wayar da ke haɗa eriya da modem. Mita 10 na siririyar waya yana iya cinye fiye da rabin ƙarfin da eriyar ta kamo, watau an yi aikin baban giwa. Gara a matso da modem kusa da eriya, a sa gajeriyar waya mai kauri. Sai dai kada a bar shi ƙarƙashin kwano, domin zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Haka nan a ɗaure sandar eriya tamau saboda guguwar farkon damina, a sa mata wayar da za ta kai tsawa ƙasa, a kuma naɗe mahaɗan waya don ƙurar hunturu da ruwa. Game da na'urar nan ta ƙara ƙarfin sabis da wasu ke sayarwa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gargaɗi a 2021 cewa amfani da ita ba da izini ba laifi ne, don tana dagula wa maƙwabta sabis.

To, wanda ke shirin zuwa kasuwa ya fara gwada modem ɗinsa a bakin taga da bisa soro tukuna. Wataƙila ya tarar kuɗin eriyar ma ya huta.