Kafin ka ɗaura batir a tsohuwar tarakta

Jama'a, kwanaki na sayi ƙaramar tarakta ta hannu don kwasar kashin kaji da jigilar buhunan abincin kifi. Babu batir a jikinta, wayoyin biyu kuma duk baƙaƙe ne. Wacce zan sa a +, wacce a −?

Yawancin injinan yanzu − ne ke ɗaure a jikin ƙarfe. Amma tsofaffi irin su Ford 8N, + ne a jikin ƙarfen. Saboda haka ban yi cinke ba.

Na bi wayoyin da hannu. Ɗaya ta ƙare a jikin injin, ɗayar ta tafi wajen kik. Sai na gwada bakinsu: kan + na batir ya fi na − kauri, bakin wayar da ke jikin injin kuwa shi ne ƙarami. Ke nan − ce. Tawa altaneta gare ta, kuma kusan duk mai altaneta haka take. Ka juya wayoyin, nan take altanetar ta ƙone, kuɗin buhu nawa ke nan?

Wajen ɗaurawa, wayar jikin ƙarfe ce ta ƙarshe. Wajen kwancewa, ita ce ta farko.