Uwar Alade Mai Ciki A Lokacin Bazara

A ƙauyukanmu na ƙasar Shanono mukan ji masu kiwon aladu suna kuka, wai uwa ta haifi 'ya'ya huɗu kacal, waɗansu ma matattu. Sau da yawa zafin bazara ne da dusa zalla suke jawo wannan hasara.

Cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Watan farko ya fi hatsari. Alade ba ta gumi kamar mutum, saboda haka in zafin Maris da Afrilu ya dame ta, 'ya'yan sukan lalace tun suna ciki. Mu yi mata rumfa, mu riƙa jiƙa ƙasa. Ruwan sha kada ya yanke, gama takan sha lita 15 ko fiye a yini.

Dusar gero tana cika ciki, amma ba ta gina ƙashi. A gauraya ta da tunkuza, da garin ƙashi, da gishiri kaɗan, a ƙara ɗanyen ganye. Tunkuzar da ta yi funfuna guba ce, kome tsadarta a zubar. Angurya kuwa mu bar wa shanu, tana cutar alade.