Inuwa a Unguwar Talaka: Me Ke Kashe Dashenmu, Kuma Yaya Za a Raya Shi?

Ga taƙaitaccen bayanin abin da muka tattauna a filinmu na muhalli, mun rubuta shi domin wanda shirin ya wuce shi, da wanda ya ji amma yake son ya ajiye. Batun shi ne itatuwa a cikin gari, musamman a unguwannin da ba su da gata.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. In kana Yamai, shiga Filato da tsakar rana a watan Afrilu, sannan ka fita zuwa sababbin unguwannin gefen gari. In kana Kano, bi ta Nasarawa GRA, sannan ka nufi Kurna ko Rimin Kebe. Rana ɗaya ce, amma jikinka zai gaya maka akwai bambanci. Can akwai manyan madatai da dogon yaro da aka dasa shekaru da dama, nan kuwa kwano ne da siminti da ƙura. Abin mamaki, Kurna, Ɗorayi, Rimin Kebe, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, duk sunayen itatuwa ne. Sunan ya zauna, itatuwan sun yi ƙaranci.

Zafin ma ba na wasa ba ne. A farkon Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma an yi asarar rayuka a yankin Sahel a wannan makon, galibi tsofaffi da marasa lafiya. Mai hali yana kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ke ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ga wuta ba ta tsayawa, ba shi da mafaka sai gindin icce, in akwai shi.

Yadda icce ke sanyaya unguwa

Ta hanya biyu ne. Ta farko inuwa: kwano da kwalta da bangon siminti suna shan rana tun safe, su riƙe zafin, su dinga fitar da shi har cikin dare. Shi ya sa ɗaki ke zama kamar tanda bayan isha'i. Inda icce ya tare ranar, bangon ba ya ɗaukar wannan zafi tun farko. Ta biyu kuma, icce yana jan ruwa daga ƙasa ya fitar da shi ta ganye, ruwan ya bi iska. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tsattsafowar da take yi? To haka ganye ke yi wa iskar da ke kewaye da shi. Ƙari a kan haka, yana rage ƙurar hunturu, saiwarsa tana riƙe ƙasa lokacin da ruwan sama ke cin layi, kuma mai tebur da mai faci da mai shayi duk a ƙarƙashinsa suke neman abinci.

Me ya sa unguwar talaka ba ta da itatuwa?

Wasu za su ce ai rashin kula ne. A'a, akwai dalilai, kuma in ba a gane su ba, za a yi ta dashe yana mutuwa.

Na ɗaya, fili. Inda aka yanka filaye ƙanana, lungu ko amalanke ba ta wucewa da daɗi, ina za a sa icce? Filin da aka ware a takarda domin lambu ko makaranta, sau da yawa sai a wayi gari an yanka shi an sayar.

Na biyu, haya. Ɗan haya ba zai dasa abin da sai bayan shekara biyar zai ba da inuwa ba, alhali bai san ko zai kai baɗi a gidan ba. Mai gidan kuma ba a nan yake zaune ba.

Na uku, ruwa, kuma shi ne babba. Gidan da ke sayen jarka daga hannun mai ga-ruwa, ba za ka ce masa ya zuba wa dashe ba a watan Mayu.

Na huɗu, awaki da tumaki da ke yawo a layi. Dashen da ba a killace ba, kwana biyu ya yi yawa. Sai kuma itacen girki: muddin gas ya fi ƙarfin aljihu, gatari zai ci gaba da bin rassa.

Darasi daga Yamai da Maraɗi

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta a duk faɗin ƙasar. Kafin nan ma, a 1965, an fara kafa zagayen itatuwan nan na Yamai da ake kira Ceinture Verte, tsawon kamar kilomita 25, faɗin kamar kilomita ɗaya, mafi yawansa dogon yaro, wanda wasu ke cewa bedi, Kanawa kuma darbejiya. Manufar ita ce a tare wa birnin iska da rairayi. Itatuwan sun kama, sun girma. Amma da birnin ya faɗaɗa, sai gine-gine da yankan filaye da juji da sara suka cinye babban kaso nasa. Kun ga nan, dashen ya yi nasara, kare filin ne ya gagara. Dajin da jama'a ke kallo a matsayin na gwamnati, wanda ba wani na kusa da ke cin moriyarsa a fili, ba shi da mai tsaya masa ranar da masu kuɗi suka zo.

Yanzu dubi karkarar Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin noma a yankin, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututture ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, sai su zama icce ba tare da an sayi dashe ko an yi ban ruwa ba. Shi ne manoma ke kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo na kan gaba. Abin da ya sa ya yaɗu shi ne manomi ya samu tabbacin cewa iccen da ya rena a gonarsa zai amfana da shi, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa jama'ar ƙasa hannu a kula da itatuwa. A cikin gari babu kututture da yawa da za a tayar, amma darasin ɗaya ne: kowane dashe ya zama yana da mai shi.

Ga wani misali daga Saliyo. A 2020 magajiyar garin Firitawun, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya, shekara uku bayan zaftarewar ƙasa ta 2017 da ta hallaka mutum fiye da dubu. Abin koyi a shirin shi ne tsarin biya. Ana ɗaukar mutanen unguwa su dasa su kuma rena, kowane dashe ana ɗaukar hotonsa da wayar salula tare da alamar inda yake, a sake ɗauka bayan wani lokaci, sannan a tura kuɗi ta waya gwargwadon kulawar da aka tabbatar. Ma'ana, renon ake biya, ba ranar biki kaɗai ba.

Abin da za ku nema daga hukuma

In magajin gari ko shugaban ƙaramar hukuma ya ce ya dasa dubu goma, ku tambaye shi nawa ne ke raye bayan rani biyu, kuma a waɗanne unguwanni. Ku nemi a fara da inda zafi ya fi cin mutane: makarantun gwamnati, ɗakunan shan magani, tashoshin mota, kasuwanni, maƙabartu. Ku nemi kasafin ya ƙunshi ruwa da shinge da ladan mai kula, don kuɗin dashe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. In ana sabon yankan filaye, masu unguwa su ga taswira da idonsu, su san inda filin jama'a yake, a dasa masa iyaka tun kafin wani ya sa masa ido.

Akwai wani ma'auni mai sauƙin riƙewa da masanin itatuwan birni ɗan ƙasar Holan, Cecil Konijnendijk, ya fito da shi a 2021, wato 3-30-300: daga gidanka ka iya hango icce 3, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin ɗari na unguwarku, kuma kada nisan gidanka da filin shan iska ya wuce mita 300. Kashi 30 abu ne mai wuya a ƙasarmu mai ƙarancin ruwa, gaskiya. Amma icce uku a gaban ido, wannan layi ɗaya ma zai iya.

Babban shirin nan na Tarayyar Afirka na ganuwar itatuwa, da aka amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Nijar da Najeriya da Chadi duk suna ciki, ya fi karkata ga karkara. Layin gidanku kuwa, ku da hukumar garinku ne.

In za ku dasa bana

Ku zaɓi iri daidai da wurin. Bakin hanya da filin makaranta, dogon yaro da madaci suna jure fari. Cikin gida mai ɗan fili, zogale ko lemun tsami ko gwaiba, a samu na miya da na baki. Mangwaro yana son ruwa, sai inda ake da shi. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana fasa bango da masai, don haka sai fili mai faɗi kamar ƙofar fada ko dandali. Turare yana shan ruwa sosai, a nisanta shi da rijiya. Kada a dasa babban icce ƙarƙashin wayar lantarki, gobe ne za a zo a guntule shi.

A haƙa rami kamar rabin mita faɗi da zurfi kafin ruwa ya sauka, a cakuɗa ƙasar da taki wanda ya ruɓe. A dasa da zarar damina ta zauna, cikin Yuli ko farkon Agusta, don dashen ya samu ruwan sama na makonni kafin kaka. A cire ledar a hankali, kada ƙasar saiwa ta watse. A ba bango tazarar aƙalla taku huɗu. A killace a ranar, da ƙaya ko tsofaffin bulo ko taya, a bar wa iska hanya.

Batun ruwa kuma, ba sai an saya ba. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na tsakin gero, duk suna raya dashe. A dai guji mai omo da yawa. Icce biyu a gefen wurin alwalar masallaci sun samu mai shayar da su sau biyar a rana. Wata dabarar ita ce a binne tsohon tulu kusa da saiwa, a cika shi a rufe bakinsa, ruwan ya dinga tsattsafowa a hankali. Rani biyu na farko su ne masu wuya. In dogon yaro ya tsallake su, yawanci ya kama kansa.

Sannan a raba aikin da suna: wannan na gidan wane, wancan na ƴan aji biyar, na bakin tasha na ƙungiyar direbobi. Ɗan haya ya yi magana da mai gida, a amince tun farko wa zai ci ƴaƴan, wa zai yi datsa. Malamanmu sun sha faɗa mana cewa duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga abin da ka dasa, sadaka ce gare ka.

A shiri na gaba za mu duba batun gawayi da murhun da ke rage cin itace. Kafin nan, ku ƙirga itatuwan da ke layinku, ku aiko mana da adadin da sunan unguwar, za mu karanta a iska. Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana nan.