Ina Ruwan Damina Yake Tafiya a Ƙasar Gagarawa?

Kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumar NIHSA mai lura da koguna da ruwan ƙasa takan fitar da hasashen ambaliya daga Abuja, da taswira mai launuka da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ruwa zai ci. A Jigawa ido yakan tafi kan garuruwan bakin kogi, irin su Ringim da Taura da Miga da Auyo da Haɗeja da Guri. Dalili a fili yake: kogin Haɗeja da rassansa ne suka ratsa su, kuma kowa ya ga ɓarnar 2022. To amma mutumin Gagarawa ko Gumel ko Maigatari ko Sule Tankarkar ba shi da babban kogi a bayan gida, duk da haka yakan wayi gari cikin watan Agusta ya tarar ruwa ya kwanta masa a gonar gero, ko ya jiƙa gindin katanga har ta zube. Irin wannan ruwa manyan taswirori ba su cika ganinsa ba, kuma akwai dalili.

Masana ruwa ba sa bin kowace ƙorama da ƙafa. Ƙasar sukan zana a kwamfuta, su yanka ta gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, a rubuta masa tsayinsa daga teku. Yawancin waɗannan alkaluman tsayi sun samo asali ne daga awon da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi da na'urar rada a watan Fabrairun 2000, ko daga awon taurarin ɗan'adam da suka biyo baya. Daga nan sai a ba kwamfuta doka mai sauƙi: kowane gida ya miƙa ruwansa ga wanda ya fi gangare cikin maƙwabtansa takwas. Gida ya miƙa wa gida, har layukan ƙoramu da koguna su fito da kansu a kan taswira. Sai a ɗora bayanin ruwan sama, da irin ƙasa, da abin da ke tsiro a kanta, a lissafa nawa ne zai nutse, nawa rana za ta shanye, nawa zai malala. Wannan shi ake kira samfurin lissafi, kuma tushensa tsoho ne. Tun 1851 wani injiniya ɗan ƙasar Ailan, Thomas Mulvany, ya tsara yadda za a ƙiyasta malalar ruwa daga faɗin fili da ƙarfin ruwan sama da yanayin ƙasa.

Lissafin kansa ba ya gagarar ɗan firamare. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, wato duro 50 na lita 200. Idan aka tafka ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, duro 2,500 ke nan suka sauka a kan hektar. A ce gonar jigawa ce mai rairayi, an yi mata huɗa, ga ganyen wake ya rufe ta, ta saki kashi 5 cikin 100 kawai: duro 125 ne za su fita. A ce kuma fako ne da ya daskare, ya saki kashi 40 cikin 100: duro 1,000. Ruwan sama ɗaya, faɗin fili ɗaya, amma malalar ta ninka sau takwas. Duk ƙwarewar mai samfuri tana wajen sanin wannan kaso, kuma ba a saninsa daga ofis.

Ga inda gizo ke saƙa a arewacin Jigawa. Daga Kano zuwa wajajen Wudil ƙasa tana zaune ne kan tsohon dutse, akwai gangare, ruwa na samun hanya zuwa kogin Kano da kogin Challawa. Da an gangaro arewa maso gabas sai a shiga shimfiɗar rairayi da laka ta kwarin Tafkin Chadi, wadda tsofaffin tuddan yashi suka yi wa layi-layi. A nan ƙasa ba randa ɗaya ba ce mai bakin tsiyaya, ƙore ne ɗaruruwa a jere, kowace tana riƙe nata. Ruwa ya gangaro daga tudu, ya yi 'yar tafiya, ya taru a kwari ya zama tafki ko kududdufi. Wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyi, wani dabbobi su sha, saura rana ta kwashe kafin bazara. Mafi yawansa ba ya taɓa ganin kogin Haɗeja, balle kogin Komadugu Yobe.

Kwamfuta kuwa ba ta son kwari marar mafita, domin ruwa ya shiga gida ya rasa maƙwabcin da zai miƙa wa, lissafi ya tsaya. Saboda haka a aikin yau da kullum akwai matakin da ake cike duk wani rami a taswira, a daidaita shi da bakinsa don ruwa ya wuce. A ƙasar duwatsu wannan gyara ne, galibin ramukan kuskuren awo ne. A Gagarawa kuwa ramukan su ne labarin. Mai cike su ya share tafkunan da hannunsa, sa'an nan ya zana ƙorama mai shuɗi a inda manomi bai taɓa ganin ruwa na gudu ba. Ƙari a kan haka, awon tsayi daga sama yakan yi kuskuren 'yan mitoci, alhali a nan bambancin mita ɗaya ne ke raba gidan da ruwa zai ci da wanda zai tsira. Gadon titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Gagarawa, da kwaltar da aka ɗaga, da kwalbatin da yashi ya toshe, duk suna juya ruwa, kuma gidan mita 30 ba ya ganin kwalbati.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu cin karo da wannan. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an zaci koguna da tafkunan Sahel za su ragu tunda ruwan sama ya ragu. Sai masu bincike na Faransa da Nijar da Burkina Faso suka ga akasi a wurare da dama. An sare daji an faɗaɗa gonaki, ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina nutsewa a inda ya sauka, malala ta ƙaru. A gabashin Yamai, inda aka yi babban binciken HAPEX-Sahel a 1992, tafkuna sun yawaita, kuma ruwan rijiyoyi ya yi ta hawa shekara da shekaru, domin ta gindin tafkunan yake zirara ƙasa. Babu samfurin da ya hango haka tun farko. Ma'aunan da aka kafa a tafki da igiyar da aka riƙa zurawa rijiya su suka tona. Ƙasar masarautar Gumel 'yar'uwar waccan ce a rairayi da gajeriyar damina, shi ya sa nake ganin darasin Yamai ya fi kusa da mu fiye da samfuran da aka gina kan kogunan Turai.

A gefen kogi ma, inda samfuri ya fi aiki, da awon ƙasa yake tsayawa. Akan kafa sanda mai lambobi a gindin gada, a wurare irin su Wudil da Haɗeja da Gashuwa, ma'aikaci ya karanta tsayin ruwa safe da yamma. Lokaci-lokaci a auna saurin ruwan, a haɗa da faɗi da zurfi, a san yawan da ke wucewa a daƙiƙa. Da irin waɗannan rubuce-rubuce ne Julian Thompson da Ted Hollis na Jami'ar Landan suka gina samfurin dausayin Haɗeja zuwa Nguru, wanda suka wallafa a 1995. Ya nuna yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, da ta Kafin Zaki da aka so ginawa a kan kogin Jama'are, ke rage, ko za su rage, malalar da masu shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita. Sai dai kacala da yashi sun toshe hanyoyin ruwa tun daga lokacin, kuma idan cikin kogi ya sauya, lambar da ke jikin sanda ba ta nufin abin da take nufi a da. Dole a sake awo, kuma nan ne muka fi sakaci: an fi son sayen kwamfuta da a biya mai karanta sanda.

Ba cewa nake a watsar da taurarin ɗan'adam ba. Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka harba a 2014, yana gani ta cikin gajimare, kuma ruwa kwance yakan fito baƙi ƙirin a hotonsa. Hotunan Landsat sun faro tun 1972, kyauta ake samunsu. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Bayero zai iya jera hotunan damina ashirin ya fitar da kowane kwari da ke cika tsakanin Gagarawa da Maigatari, da shekarun da ya cika. Abin da hoto ba zai faɗa masa ba shi ne zurfin ruwan, da ranar da ya ƙafe, da ta inda yake ɓallewa idan ya tumbatsa. Wannan yana bakin mai unguwa da makiyayi da mai haƙar rijiya, wanda zai gaya maka gaba nawa ake samun ruwa bana da gaba nawa a zamanin mahaifinsa.

Kayan aikin da suka rage ba su da tsada: ma'aunin ruwan sama a farfajiyar makarantun firamare, sanda mai fenti a tsakiyar manyan tafkuna, da littafin da malamin gona zai riƙa rubuta kwanan wata da lamba. Damina biyar na irin wannan rubutu sun isa ƙaramar hukuma ta san kwarin da bai kamata a yanka filaye a cikinsa ba, da inda titi ke buƙatar kwalbati biyu maimakon ɗaya, da tafkin da ya cancanci a yashe shi don noman rani.