Rigar Ruwan Yara: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, kuma ya fi son la'asar zuwa magariba, daidai lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya ko an aike su cefanen tuwon dare. Kafin ɗigon farko ya sauka iska ce ke isowa da ƙura da ledoji, in kuma ruwan ya kece, a karkace yake zuwa. Shi ya sa lema ba ta cika yi wa ƙaramin yaro rana ba. Ko iska ta birkice ta, ko ta tare masa gani yana tsallaka titi, ko tsinkenta ya sami idon ɗan'uwansa. Rigar ruwa ta fi, don tana barin hannayen yaro a sake. Sai dai galibi ba a tunawa da ita sai ranar da yaro ya shigo gida sharkaf, littattafansa sun jiƙe har tawada ta zube. Washegari sai a tsaya bakin titi a ɗauki wadda hotonta ya fi burge shi, a murza ta da yatsa a ji kauri, a ce mai kaya ya kawo babba don yaron ya girma a cikinta. Hoto da kauri da girma, duk cikinsu babu wanda zai nuna maka riga mai kyau, biyun ƙarshe ma suna iya jawo matsala.

Hana ruwa shiga abu ne mai sauƙi, buhun leda ma yana yi. Wuyar aikin ita ce a tare ruwan sama a kuma bar zufar jiki ta fita. Makiyayan da suka saƙa kabido da ganyen kaba sun daɗe da gane haka: ruwa ya bi ganye ya gangara ƙasa, iska kuma tana shiga ta gefe da ƙasa. A Turai, wani masanin sinadarai na birnin Gilasgo, Charles Macintosh, ya yi rajistar tasa dabarar a 1823, inda ya narkar da roba ya shafa ta tsakanin yadi biyu. Ruwa bai ratsa ba kam, amma rigar tana wari, tana ƙandarewa da sanyi, tana danƙo da zafi, mai sanye da ita kuma yana jiƙewa da guminsa. Wajen shekara ashirin bayan nan aka gano yadda za a dafa roba da farar wuta ta daina danƙo, amma maganar gumi ta ci gaba har 1969, lokacin da Bob Gore a Amurka ya gano wata siririyar fata mai ƙofofi mitsi-mitsi, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya bi amma tururin jiki yana fita. Ita ce ake sayarwa da sunan Gore-Tex.

To, ga inda abin ya shafe mu. Irin wannan yadi mai numfashi yana aiki sosai ne idan waje ya fi cikin riga sanyi da bushewa, kamar yadda yake a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ruwa da zafi tare suke zuwa, iskar watan Yuli da Agusta kuma cike take da danshi, don haka tururin gumi bai da inda zai gudu. Yaron da aka zura wa riga mai kauri, matsattsiya, mai shafi a ciki, kafin ya isa makaranta kayan makarantarsa sun jiƙe ta ciki, iyaye su ce riga tana yoyo alhali zufa ce. Gobe kuma ba zai yarda ya sa ta ba, zai cusa ta cikin jaka da zarar ya sha kwana. A wurinmu yankan riga ya fi tsadar yadinta muhimmanci. A nemi mai sakin jiki, marar shafi, wadda take da murfi a gadon baya ko 'yan ƙofofi a hammata inda iska za ta zagaya. Mutanen Jos da Mambila ne za su iya neman mai ɗan shafi, tun da can tudu ne, ruwa ya fi yawa, sanyi kuma yana biyo shi.

A kasuwanninmu iri uku aka fi gani. Akwai ta leda shara-shara wadda ake naɗewa ta shiga aljihu. Wannan ta fita kunya ce ta rana ɗaya ko biyu, ƙaya ko ƙusa ɗaya ta gama da ita. Akwai ta roba mai kauri da sheƙi, wadda akasari da PVC ake yin ta: tana tare ruwa sosai, amma tana da nauyi da zafi, kuma in ta kwana biyu a rana sai ta fara tsagewa a wuraren naɗi. Sai ta yadin nailan ko foliyesta da aka shafa wa sinadarin hana ruwa ta ciki. A ganina ita ce ta fi dacewa da ɗan makaranta, don ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, kuma tana jure ja-in-jar yara.

Amma ko wane iri ne, asirin riga a ɗinkinta yake. Duk inda allura ta ratsa ta bar huda, kuma riga ɗaya tana da ɗaruruwan irin waɗannan hudojin a kafaɗu, da hammata, da inda hula ta haɗu da wuya. Ta nan ruwa yake fara shiga, ko da yadin ya kai ya kawo. Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi, a juya rigar ciki ya koma waje a bi ɗinkin da ido. Riga ta gari za ka ga an bi kowane ɗinki an liƙe shi da wani siririn tef mai ɗan sheƙi, ya kwanta lif ba kumburi, ko kuma ka ga babu zare sam, da zafi aka narkar da gefen biyu aka haɗe. In ka ga zare tsirara, ko ka sa farce a bakin tef ɗin ya ɗago, ajiye ta. Wasu masana'antun kafaɗu da hula kawai suke liƙewa su bar sauran. Wannan za ta iya da yayyafi, amma ba da ruwan da ake yi kamar da bakin ƙwarya ba. A duba zif ma, ya kasance akwai leɓen yadi da ya rufe shi, domin haƙoran zif hanyar ruwa ce. Ga yaron da bai kai shekara biyar ba, maɓallan dannawa sun fi, shi da kansa zai iya ɓallewa.

Gwajin da ya fi kowane bayani yana hannun mai sayar da ruwan leda. Ka sayi leda ɗaya, ka ce wa mai rigar, "Malam, ka yarda in ɗan zuba mata ruwa?" Wanda ya san kayansa zai ce, "Hajiya, bismilla," ko "Alhaji, zuba mana." Sai ka lotsa kafaɗar rigar a tafin hannunka, daidai kan ɗinki, ka zuba ruwa ya taru, ka riƙe minti ɗaya ko biyu kana ɗan dannawa da yatsa, sannan ka shafa ƙasan. Sanyi kawai za ka ji in riga ce ta ƙwarai. In ka ji danshi, magana ta ƙare. Mai kayan da ya hana a gwada kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Wasu riguna suna zuwa da lamba a jikin takardarsu, kamar 3,000 mm ko 5,000 mm. Ma'anarta ita ce an tsayar da bututu a kan yadin ana cika shi da ruwa har ruwan ya fara ratsawa. 5,000 na nufin sai da tsayin ruwan ya kai mita 5. Daga 1,500 ake fara lissafa yadi cikin masu hana ruwa, kuma 5,000 ta ishi mai zuwa makaranta, har da la'akari da cewa igiyoyin jaka suna danna ruwa cikin yadin kafaɗa. Lambar tana da amfani in an same ta, amma buga lamba a takarda ba shi da wuya, kuma yadi kawai take aunawa, ba ruwanta da ɗinki.

Akwai abin da ya fi jiƙewa muni, shi ne igiyar da ake zurawa a bakin hula don a tsuke ta. Ta sha maƙalewa a kayan wasan yara ta shaƙe yaro. Saboda mace-macen da aka samu ta wannan hanya, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 1996 cewa a daina sa igiya a wuya da hular rigunan yara, a 2011 kuma ta mayar da abin doka. A Turai ma ƙa'idar ɗinkin kayan yara ta hana irin wannan igiya ga waɗanda ba su kai shekara 7 ba. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu ba duka ne ke bin wannan ba. Mu kuwa ga ƙarafan A Daidaita Sahu, ga ƙusoshin ƙyaure, ga reshen darbejiya, ga abokin wasa mai jan mutum ta baya. In rigar ta yi maka ta kowane fanni sai igiyar, ka zare ta tun a shago, tela ya zura roba mai talewa a gurbinta. Hular da ake ɓallewa da maɓalli ta fi, don in ta maƙale ita ce za ta fita ta bar yaron. Sannan a sa wa yaro rigar a ce ya waiga dama da hagu. Hula ta bi kansa. In ta tsaya cak fuskarsa ta shige ciki, ba zai ga babur ɗin da ke zuwa ta gefe ba. Ga 'yan mata, a gwada ta a kan hijabi, kuma a lura dogon hijabin da ya leƙo ta ƙasan riga yana tsotso ruwa ya haura da shi, gara gajere wanda zai shige ciki gaba ɗaya.

Maganar "a sayo babba" ita ma tana da iyaka. Ƙarin lamba ɗaya daidai ne, don riga ta hau kan kayan makaranta, har ta rufe jakar goyo in da hali (wasu ana yi musu ƙari a baya musamman don jaka, in babu, a sa littattafai a leda kafin a sa su a jakar). Amma rigar da ta sauko har idon sawu tana harɗe yaro a cikin taɓo, hannun da ya rufe yatsu kuma yana hana shi riƙo. Mafi hatsari shi ne a kan babur, wanda da shi dubban iyaye ke kai yara makaranta. Jelar riga mai faɗi tana iya shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya ta fizgo yaro ƙasa, kamar yadda ake gani da dogayen mayafai. Tsawon da ya tsaya a gwiwa ya wadatar, sauran aikin na takalmin roba ne.

Launi kuma ba ado ba ne kawai. In hadari ya haɗu gari yana yin duhu tun kafin magariba, gilashin direba ya yi hazo, mai babur ya sunkuyar da kai yana gudun ruwa. Yaro mai baƙar riga ko shuɗiya mai duhu ɓacewa yake yi a idonsu. Ruwan ɗorawa, ruwan lemo da ja mai haske su ne ake hangowa daga nesa, musamman in akwai zanen nan mai ƙyalli da ke mayar da hasken fitila. In rigar ba ta da shi, a liƙa shi a jaka ko a bakin hannu, kada a ɗinka a kafaɗa a ƙara mata hudoji.

A kuma shinshina. Rigar PVC mai tsananin warin roba abar tuhuma ce, domin ana tausasa irin wannan roba da wasu sinadarai da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da su a kayan wasa da na renon yara tun 2005, saboda illarsu ga girman jiki. Ƙananan yara kuwa tauna bakin hannun riga da wuyanta suke yi. Ga ɗan shekara biyu ko uku, gara a kauce mata.

Masu zuwa gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna sukan yi dace da riguna masu inganci da ba a samun irinsu a sababbin kaya da wannan kuɗin. Abin lura biyu ne. Shafin hana ruwa yana tsufa ko ba a sa rigar ba: in cikinta yana danƙo, ko yana ɓarewa yana zubar da farin gari, ko tef ɗin ɗinki ya saki, ta gama yayinta komai kyan bayanta. Na biyu, yawancinsu don sanyin Turai aka yi su, da auduga ko gashi a ciki, wasu ma rigunan iska ne da ke kama da na ruwa. Nan ma ruwan leda ne zai raba gardama.

Jiƙaƙƙen kaya a jikin yaro abin gudu ne, domin ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, ƙaramin jiki kuma ya fi saurin yin sanyi, balle a ce zai zauna a aji da su har a tashi. Amma kada a ɗora wa riga abin da ba aikinta ba. Zazzaɓin damina sauro ne ke kawo shi, maganinsa gidan sauro da asibiti. Robar riga ko ta takalmi ba ta kare mutum daga tsawa, don haka a koya wa yaro in ana walƙiya ya shiga gini, kada ya fake a gindin bishiya. Haka kuma yaron da ya ji shi a rufe ruf yakan sami ƙarfin halin kutsawa cikin ruwan da ke gudu a titi, inda kwata marar murfi ke ɓoye a ƙasa. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Abin da ke kashe riga da wuri shi ne naɗe ta da danshi a bar ta cikin jaka, kwana biyu ta yi fumfuna da wari. A shanya ta a inuwa, ciki da waje. Taɓo da tsumma da ruwa ake goge shi. Ba a sa mata bilic, ba a murɗe ta, dutsen guga kuwa ko kusa. Ƙaramar yagewa a liƙe ta da tef mai ƙarfi ta ciki tun ba ta faɗaɗa ba. A rubuta sunan yaro a cikin wuyan, don a aji ɗaya ana iya samun iri ɗaya guda biyar. In ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, a rataye ta a ɗaki maimakon a cusa ta saman sif kusa da kwanon rufi, inda zafin bazara zai gasa ta ta manne da juna kafin a sake nemanta.