Karan Dafi: Rini Ne Ko Maganin Jini?

Ran kasuwar Funtuwa na iske wani ɗan tebur yana tallan kuben karan dafi, wai maganin ƙarin jini. Ga shi kuwa manoman wajenmu na Gozaki sun fara tambayata, ko su ware masa kunya biyu uku a gefen gonar auduga. To, bari mu duba maganar.

Karan dafi dawa ce, amma ba don ƙwayarta a ke shuka ta ba, sai don jan kuben da ke lulluɓe da karan. Tun kaka da kakanni majema da dukawa ke jiƙa shi da kanwa su rina fatun awaki, irin waɗanda a zamanin da a kan ƙetara hamada da su har Turai. Wannan ja ɗaya ne daga cikin wasu sinadarai na tsire-tsire da masana ke kira filabonoyid. Akwai danginsa a cikin zoɓo, da albasa, da ganyen shayi, da lemo. A 1936 wani masani ɗan ƙasar Hangare, Albert Szent-Györgyi, ya zaci bitamin ne, amma daga baya aka janye wannan suna.

Me su ke yi? Kowa ya ga yadda fartanya ke yin tsatsa, da yadda man gyaɗa ke yin wari in ya daɗe a buɗe. Iskar da mu ke shaƙa ita ke wannan ɓarna. To, jajayen ƙwayoyin jini aikinsu ke nan, ɗaukar iskar nan daga huhu zuwa ko'ina cikin jiki, don haka kullum suna bakin wuta. Kowace ƙwaya kwana 120 ta kan yi, ko kusa da haka, sa'an nan jiki ya sake wata. A ɗakin gwaji, in an ɗiga filabonoyid kaɗan a jinin da ke cikin kwalba, ya kan tare wannan tsatsa, ƙwayoyin su rage fashewa. In an cika shi kuwa, wani irinsa ya kan juya ya yi ɓarna. Kuma kwalba daban, cikin mutum daban, gama kaɗan ne daga abin da aka sha ke ratsa hanji ya kai ga jini.

Ba na ce maganar tsofaffi banza ce ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta haɗa wani magani mai suna Niprisan don masu amosanin jini, watau sikila. A ciki akwai karan dafi, da masoro, da kanumfari, da itacen da Yarabawa ke kira osun. Gwajin da aka buga a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, ba ya warkar da shi. Amma wancan abu ne da aka auna, ba dafe-dafen tukunya ba.

Inda na ke jin tsoro shi ne wajen yara da masu ciki. Jan ruwa ba jini ba ne. Abin da jiki ke ƙera jini da shi sinadarin ƙarfe ne, irin na hanta da nama da wake da ganye. Tanin da ke cikin shayi da wasu irin jar dawa ma kama ƙarfen nan ya ke yi a hanji, ya hana jiki samunsa. Yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, sau da yawa zazzaɓin sauro ne ko tsutsar ciki ke cinye masa jini. In aka zauna ana ɗura masa jiƙo mako biyu, ranar da za a kai shi asibiti sai an nemi mai ba da jini.

Wanda ke son nomansa ya noma, ko don marina akwai ciniki. Sai dai ya bar kuben ya nuna ya yi ja sosai, kada ya ɗebo daga gonar da aka yi wa feshi kwanan nan, ya shanya a kan tabarma, ya ajiye inda laima ba za ta sa shi fumfuna ba. Ɗanyen gyauron dawa kuwa kada a sa a tukunya ko kaɗan, dafin nan ne a ciki da ke kashe mana tumaki in sun faɗa masa.